Na sayar da zinarena na buɗe ɗakin gashin ƙashi a Garwa: abin da shekara uku suka koya mini

Kwana tara na yi ina buɗe ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi na safe, in yi shara, in goge gado, in zauna ina kallon titi. Ba wanda ya leƙo sai yaro mai tallar ruwan sanyi. A rana ta goma wata mata ta yi sallama, zuciyata ta buga, na miƙe da sauri na karɓe ta. Sai ta kwance ɗankwali ta ce, "Nawa kike wanke kai?"

Laifina ne. A allon da na kafa bakin ƙofa na rubuta sunan wurin da Faransanci, a ƙasa kuma na ƙara da Hausa: Ɗakin Gashi. Baiwar Allah ta ɗauka gashin kai ake nufi. Muka yi dariya tare, ta tafi. Da ta fita na rufe ƙofa na yi kuka, domin a lokacin na riga na ajiye aikin albashi, na sayar da sarƙa da 'yan kunnen da aka yi mini na aure, ga kuɗin haya yana tafiya.

Ni kine ce, kamar yadda ake kiranmu a nan Kamaru. 'Yan'uwanmu na Najeriya kuma suna cewa masu gashin ƙashi. Yau shekara uku ke nan da buɗe wannan ɗaki a Garwa. Matasa da yawa da suka gama karatun lafiya suna tambayata yadda ake farawa, shi ya sa na ga ya dace in zayyana abin da na gani, har da inda na yi tuntuɓe.

Me ya fitar da ni daga aikin albashi?

Bayan karatun shekara uku a Yawunde, na dawo gida na yi aiki a wani asibiti na tsawon shekaru. A can na fara lura da wani abu da ya hana ni sukuni. Za a kawo mutum hawan jini ya buge shi, ɓarin jiki ya shanye. Likitoci su yi iya ƙoƙarinsu, jini ya sauka, rai ya tsira, a sallame shi. Daga nan shi ke nan, sai ya ɓace mana. Bayan wata shida ko shekara sai ka gan shi an ɗauko shi a tabarma, hannu ya dunƙule, gwiwa ta ƙage, baya duk gyambo. Ciwon farko bai kashe shi ba, kwanciyar ce take cinye shi.

Wannan ba matsalar Garwa kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya suna da lalurar da ke bukatar irin wannan aiki na farfaɗo da jiki, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Tun 2017 ta ƙaddamar da kira na musamman a kai, kuma a watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙuduri kan ƙarfafa shi. Amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa, ƙwararrun wannan fanni ba su kai goma ba ga kowane mutum miliyan ɗaya.

Mu a arewa nisa ya ƙara mana nauyi. Babbar cibiyar ƙasa ta kula da masu naƙasa, wadda ke ɗauke da sunan Kadinal Paul Émile Léger, tana Etoug-Ebé ne a Yawunde. Kafin ka kai majinyaci can sai ka yi wuni a mota zuwa Ngaundare, sannan ka kwana a jirgin ƙasa. Wasu suna nufar gidauniyar Bethléem da ke Mouda a hanyar Marwa. Masu hali suna tsallakawa Yola, ko su wuce har asibitin ƙashi na Dala a Kano. To talakan da ke Jambutu ko Lainde, wanda kuɗin babur ma sai ya yi lissafi, ina zai nufa?

Da na gaya wa mahaifina niyyata, shiru ya yi na ɗan lokaci. Shi tsohon ɗan kasuwa ne, ya san ciwon kwanan kaya a shago. Ya ce, "'Yata, mai sayar da atamfa in bai yi ciniki yau ba, gobe atamfarsa tana nan. Ke me za ki ajiye a kanta? Tausa?" Na ce, "Baba, ba tausa ba ce." Ya ce, "To ki je ki fahimtar da mutanen gari, ba ni ba." Ban ji daɗin maganar ba a ranar, amma ita ce gaskiyar da na shafe shekara guda ina karo da ita.

Takardu kafin tabarma

Wanda duk yake so ya buɗe irin wannan wuri, ya sani cewa ba shagon kayan miya ba ne. Aikinmu yana ƙarƙashin dokar ranar 5 ga Disamba, 1984, wadda ta tsara sana'ar nas-nas, ungozoma da ƙwararrun ma'aikatan lafiya irinmu. Dole sunanka ya kasance a rajistar ƙungiyar da ke sa ido kan waɗannan sana'o'i, wato Ordre des professions médico-sanitaires. Sannan sai ka nemi izinin aiki na ƙashin kanka daga Ma'aikatar Lafiya. Dosiye ne guda ake haɗawa: kwafin shaidar karatu da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙasa, shaidar shekarun da ka yi kana aiki, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, bayanin ginin da jerin kayan aiki. Ta ɓangaren kasuwanci kuma akwai cibiyar CFCE, wadda ke da ofis a nan Garwa, inda ake rajistar sana'a. Akwai lambar haraji, kuma ranar da ka ɗauki ma'aikaci sai ka yi masa rajista a CNPS.

Kuskure biyu na yi a nan, dukansu na gaggawa ne. Na farko, takardar kotun nan wata uku kawai take aiki. Ni kuwa ita na fara karɓa saboda ɗoki, kafin in gama tara sauran har ta mutu, sai da na sake sabuwa. Na biyu ya fi ciwo: na kama haya na biya tun kafin in haɗa rabin takarduna. Wata biyar ina biyan kuɗin ɗakin da ba abin da ke cikinsa sai ƙura da ƙadangaru. Da na yi wa mai gidan bayani tun farko, na nemi mu yi yarjejeniya a rubuce cewa cikakkiyar haya za ta fara ne ranar buɗewa, wataƙila da ya yarda. Ban tambaya ba.

Akwai masu cewa a buɗe kawai, takarda ta biyo baya. Ban ba kowa wannan shawara ba. Muna taɓa jikin mutanen da ƙashinsu ya yi rauni, tsofaffi masu ciwon zuciya, jarirai. Ranar da wani abu ya faru, takardar nan ce za ta raba ka da mai damfara.

Na'urar da ta cinye rabin jarina

Ban ci bashin banki ba, saboda ban so in shiga harkar kuɗin ruwa. Jarina ya fito daga wuri uku: zinarena, kwasar adashin da muke yi da matan unguwa, da rancen da yayana ya ba ni ba tare da ƙarin ko sisi ba. Da kuɗin suka taru a hannuna, sai na yi abin da yawancinmu muke yi in mun fito daga makaranta: na aika Duwala aka sayo mini babbar na'ura mai motsa tsoka da lantarki, mai allo da maɓallai kamar ta jirgin sama. Kusan rabin jarin ta cinye. A raina na ce duk wanda ya shigo ya gan ta zai san wurin nan ba wasa ba.

Wata huɗu ta yi. Kun san yadda Maris da Afrilu suke a Garwa, zafi ya haura 40 a ma'auni, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Wata rana ta dawo da ƙarfi, na ji ƙauri, shi ke nan. Ban sayi na'urar daidaita wuta ba don ina tsimin kuɗi, kuma ban sami mai gyaran irinta a kusa ba. Har yau tana nan a kusurwa, na lulluɓe ta da zane.

Abin mamaki, aikin bai tsaya ba. Dama abin da aka koya mana ke nan, na manta ne saboda son burgewa. Mai shanyewar ɓarin jiki ba lantarki ne ke tayar da shi ba. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar sake koyon abin da ta rasa: in wani sashe ya lalace, sassan da ke kewaye suna iya karɓar wani ɓangare na aikinsa, amma sai an maimaita motsin sau ɗaruruwa. Tashi daga kujera, zama, tashi, zama. Miƙa hannu a ɗauki kofi, a ajiye, a sake. Kuma wannan baiwa ta fi ƙarfi a watanni uku zuwa shida na farko. Na'ura tana da amfaninta a wasu ciwuka, ban musa ba, amma ita ba ginshiƙi ba ce.

Kayan da suka riƙe ni har yau, a cikin garin nan aka yi su. Mai walda ya haɗa mini ƙarafa biyu dogaye da majinyaci ke dafawa yana koyon tafiya. Kafinta ya yi mini matakala mai hawa uku da gado mai faɗi wanda bai yi tsawo ba. Tela ya ɗinka mini jakunkunan yashi masu nauyi daban-daban. Robar cikin tayar babur ta zama abin ja. Na ƙara da babban madubi da ƙwallo. Dukansu a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin waccan na'ura ba.

Sai dai akwai wahala guda: mutanenmu suna son na'ura. Sunan aikin ma daga fitilar nan mai ɗumi ya samo asali, shi ya sa ake cewa gashi. Wani in ka sa shi motsa jiki na minti arba'in ya yi gumi, zai tashi ya ce, "To yaushe za a fara maganin?" Sai na koyi yin bayani tun ranar farko, da Hausa ko Fillanci, yadda mutum zai gane cewa gumin nan shi ne maganin.

Dattijon da ya sauya mini tsari

A wata na biyu aka kawo mini wani dattijo daga wani ƙauye a bayan Pitowa. Sati uku da bugunsa, ɓarin dama ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Na duba shi na ga alamun alheri: yana iya zama in an tallafe shi, yatsun ƙafa suna ɗan motsi. Na tsara masa zuwa sau uku a sati kamar yadda littafi ya ce. Suka zo sau huɗu, ban sake ganinsu ba.

Na yi fushi a raina, na ce mutanenmu ba su da haƙuri. Bayan sati shida na kasa daurewa, ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, na bi motar kasuwa na yi ta tambaya har na gano gidan. Na tarar da shi kwance a ɗaki mai duhu. Kafaɗa ta ƙage, ga gyambo ya fara a ƙugu. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, wallahi ba ƙi muka yi ba. Baba ba ya iya zama a babur, sai mun ɗauki shatar mota. Kuɗin motar ya ninka naki. Ga shi duk ranar da muka zo, ni da ƙanena ba ma zuwa gona. Akuya biyu muka sayar a zuwa huɗun nan."

Kunya ta kama ni. Ni ina lissafin kuɗin zama ɗaya, ashe su suna biyan uku: nawa, na mota, da na wunin da suka rasa. Na durƙusa na gaida dattijon na ce, "Baba, me ka fi so ka iya yi da kanka?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Alwala." Surukarsa ce take yi masa, kuma abin yana cin ransa fiye da ciwon.

A ranar muka sake tsari. Za su riƙa zuwa sau ɗaya a sati biyu, sauran aikin a gida. Na zaɓi jikarsa, yarinya mai kaifin hankali, da ɗansa na biyu, na koya musu da hannuna: yadda ake juya shi duk bayan awa biyu don gyambo, yadda ake tayar da shi ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, domin jan nan ne ke gurɗa kafaɗa, yadda ake zaunar da shi tsaye sosai kafin a ba shi abinci don kada ya ƙware. Kayan aikinmu kuwa buta ce da ake ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan, carbi don yatsu, wake a faranti yana tsincewa, da turmi da aka kifa yana zama yana tashi. Na zana musu hotuna a takarda, suna turo mini bidiyo ta WhatsApp ina gyara musu.

Bayan wata huɗu ya taka da sanda zuwa masallacin ƙofar gidansu. Hannun bai dawo daidai ba, kuma na gaya musu tun farko cewa mai yiwuwa ba zai dawo duka ba, musamman da aka yi asarar waɗancan makonni. Amma yana alwalarsa da kansa.

Da na koma na buɗe rajistata, na ga fiye da rabin waɗanda suka fara zuwa wurina ba su kai zama na biyar ba. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Daga nan na gane cewa a wannan sana'a, a wannan yanki, shigowar majinyaci ba ita ce nasara ba, dawowarsa ce. Yanzu ba na fara aiki da kowa sai na tambayi abu uku: daga ina kuke, wa zai riƙa kawo shi, wa ke kwana da shi. Kuma ba na karɓar mai shanyewar jiki sai da mutum ɗaya daga gidansu wanda zai tsaya ya koya.

Ni da maɗora da malamai

Kafin majinyaci ya iso ƙofata, yawanci ya biya ta wurin mai ɗori, ko malam, ko mai maganin gargajiya, wani lokaci duka ukun. Da farko ina faɗa, ina cewa an ɓata lokaci. Sai na lura duk wanda na yi wa faɗa ba ya dawowa, domin ka zagi wanda ya yarda da shi, kamar ka zage shi ne.

Na canza salo. Mai shan rubutu ba na hana shi, ina dai ce masa ya haɗa da maganin hawan jinin da likita ya rubuta, kada ya ajiye ko kwana ɗaya. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Wani limami da na yi wa matarsa aiki, shi da kansa yake gaya wa mutane yanzu cewa shanyewar ɓarin jiki ba shafar aljani ba ce, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Maganarsa ɗaya ta fi tawa goma.

Maɗora kuwa, na shirya na je har gida na gaida wani tsoho da ya gaji sana'ar daga kakanni. Garwa gari ne na babura, haɗarin 'yan kilando kullum ne, kuma yawancin masu karaya wurinsu suke fara zuwa. Na ce masa, "Baba, ban zo raba ka da sana'arka ba, roƙo na zo yi." Na roƙe shi abu biyu. In ƙashi ya huda fata, ko karayar tana ƙugu ko gadon baya, ko bayan ɗauri yatsu suka yi sanyi, suka kumbura, suka canza launi, ya tura asibiti a take, domin ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, har ta kai ga yanke hannu. Na biyu, in ƙashi ya haɗe amma gwiwa ko gwiwar hannu ta ƙi lanƙwasuwa, kada a murɗa da ƙarfi, ya turo mini. Bai amsa ba a ranar. Bayan wata biyu wani saurayi ya shigo yana ɗingishi ya ce tsohon ne ya aiko shi.

Ni ma ina da iyakata, kuma wannan yana cikin abin da ke riƙe mutunci. Mutane suna kirana dokta, ina gyara musu: ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani, ba na allura. Mai ciwon baya da ke rama da zazzaɓin dare, likita nake tura shi, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ina tura shi inda ake ɗaurin filasta na mako-mako, wanda in an fara shi a makonnin farko ƙafar tana miƙewa. Likitocin da suka ga ina turo musu mutane a kan lokaci, su ne suka fara turo mini nasu.

Akwai wani abu da ke ƙona mini rai. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma har yanzu ana kawo mini yara suna jan ƙafa. Da yawansu ba shan inna ba ce, allura ce aka yi musu a ɗuwawu ba a daidai wurin ba, ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Iyaye, don Allah, zazzaɓin yaro a kai shi wurin ma'aikacin lafiya na gaskiya, ba mai yawo da allura a jaka ba.

Mace a ɗakin gashi

Kasancewata mace ya buɗe mini ƙofofin da ban zata ba. Akwai matan da suka shekara da ciwon ƙugu tun daga haihuwa, ko yoyon fitsari in sun yi tari, ba su taɓa gaya wa kowa ba, don ba za su kwanta namiji ya taɓa su ba. Akwai waɗanda ba sa fita, sai ni in shiga. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana.

Ta ɗaya gefen kuma, magidanta da yawa ba su saki jiki da ni ba, ni ma akwai aikin da ya fi dacewa namiji ya yi. Shekara ta biyu na ɗauki wani matashi abokin sana'a, muka raba ɗakin da bango, maza gefe, mata gefe, kowa da labulensa. A watan da muka yi haka masu zuwa suka ƙaru a fili. Da na sani, da wannan bangon na fara ginawa kafin in yi tunanin na'ura.

Harshe ma jari ne. A Garwa wanda bai iya Fillanci ba ya rufe wa kansa rabin gari. A wuni ɗaya ina iya yin Hausa da tsohuwa daga Hausare, Fillanci da makiyayi, Faransanci da ma'aikacin Sodecoton. Duk matashin da zai zo daga kudu ya buɗe wuri a nan, ya fara koyon yadda ake cewa "ɗaga", "sauke", "ina ne ke ciwo" da harshen mutane.

Maganar kuɗi

Nan ne wurin da zuciya da aljihu suke faɗa. A Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Gwamnati ta ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya ga kowa a watan Afrilun 2023, wanda ya taimaka wa yara ƙanana, da masu ciki ta hanyar cekin lafiya na sefa 6,000, da masu wankin ƙoda da yanzu suke biyan sefa 15,000 a shekara. Wannan ci gaba ne. Amma wanda ya shigo ɗaki irin nawa, daga aljihunsa zai biya.

Shekarar farko na kusa rufewa, ba don rashin mutane ba, sai don rashin iya cewa a biya. Wannan 'yar ƙanwar goggo ce, wancan maƙwabcin kawu ne, kowa ya tashi sai ya ce "Allah ya saka da alheri." Amin, ina so, amma mai gida ba ya karɓar addu'a a madadin haya. Mahaifina ne ya zaunar da ni ya ce, "Shagon da ya mutu bai taimaki kowa ba. Ki raba aljihun sadaka da aljihun ciniki."

Haka na yi. Na rubuta farashi na manna a bango, kowa ya gani. Wanda ya biya zama biyar a haɗe ina yi masa ragi, kuma hakan yana sa shi dawowa. Ana iya turowa ta Orange Money ko MoMo, wanda ya sauƙaƙa wa 'ya'yan da ke Duwala ko Yawunde biya wa iyayensu. Na ware gurbi uku a sati na marasa hali, wasu 'yan kasuwa biyu suna ɗaukar nauyinsu a matsayin sadaka, ba sa so a ambace su. Na yanka wa kaina albashi, ba na taɓa sauran. Na kuma koyi kalandar garin: bayan an biya manoma kuɗin auduga mutanen ƙauye suna zuwa, da damina hanyoyi suna yankewa su ragu, da azumi kuma sai mu koma aikin sassafe da bayan isha'i. Wanda bai ajiye na watanni uku a gefe ba, damina ɗaya za ta kayar da shi.

Ga masu tahowa, da masu jinya a gida

Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, ga kuma tsangayar koyon likitanci a garin, matasa masu karatun lafiya suna ƙaruwa, kuma ba duka gwamnati za ta ɗauka ba. Wuri yana nan, Gidar, Figil, Lagdo, Poli, duk suna bukata. Shawarata gare ku: ku yi shekaru a ƙarƙashin wani kafin ku tsaya da ƙafarku, ku gama takarda kafin haya, ku fara da kafinta da mai walda kafin dillalin na'ura, ku je ku gaida likitoci da maɗora da limaman unguwa tun kafin ku kafa allo. Allon kuma a ba wani ya karanta kafin a kafa.

Ku kuma masu karatu, in kun ga baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani a baki. A nufi asibiti a lokacin, domin awannin farko su ne masu tsada. In an sallame ku, kada ku jira wai sai ya ƙara ƙarfi kafin a fara motsa shi, ku tambayi likita yaushe za a fara. Wanda kuma ya haura shekara arba'in, ya riƙa auna jininsa ko da yana jin garau, don hawan jini ba ya sallama.

Na gama biyan yayana a bara. Zinaren dai har yau ban mayar ba. Mahaifina kuwa, watanni shida da suka wuce gwiwa ta hana shi sujada, sai a kujera yake salla. Da kansa ya zo, ya zauna a benci ya bi layi, abokin aikina ya karɓe shi. Da aka gama ya ciro kuɗi, na ce, "Haba Baba!" Ya nuna takardar da ke bango ya ce, "Ba ke kika rubuta ba?" Na karɓa na rubuta masa rasit.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada.